Aljanin da na ƙaƙaba wa maigidana

Wautata guda ce tun ina yaro, kuma har na zubar da haƙora ba ta sake ni ba. In aka shimfiɗa mini tabarma, aka ajiye ƙwaryar fura, aka yi shiru ana jiran in yi magana, to bakina ba ya shawara da ni. Sai daga baya in riƙa jin abin da ya faɗa a bakin wasu. Allo a ƙananan surori na bar shi. Boko kuwa ajin yaƙi da jahilci ne ya koya mini wannan rubutun, wanda in ka gan shi a takarda sai ka ce kaza ce ta yi tono. Da wannan ilimin aka ɗauko ni daga Shagari zuwa Bodinga, aka ce in duba wani fim in faɗi ko ya dace yara su kalla. Na kuwa karɓa, har da sa hular sallah.

Fim ɗin tarihin maigidana ne, Allah ya jiƙansa. A sana'armu shugaban kiɗa shi ake ce wa maigida. Makaɗin noma ne, daga wani ƙauye bayan Kajiji, ni kuma ɗan amshinsa ne tun gemuna bai fito ba. Shi yake ɗauko baiti ya jefa, mu da ke bayansa mu karɓa. In mai gona ya kira gayya, samarin ƙauyuka suka jeru da hauyoyi, maigida yakan rataya gangarsa ya bi bayansu yana kiran kowa da sunan kakansa. Za ka ga ƙato ya gaji har gwiwa na rawa, da an ambaci kakansa sai ya sake duƙawa kamar yanzu ya iso. Mu kuma muna biye, ƙasa na shiga mana baki, muna amshi. Ban taɓa noma ko taki ɗaya a gayya ba, amma furar gayya ba wanda ya kai ni sha.

Abin ya mutu a gabanmu, a hankali. Maganin feshi ya zo, mutum ɗaya da tanki a baya ya gama aikin da samari ke taruwa su yi. Samarin ma suka hau babura suka nufi birni. Kira ya ragu, har ya ɗauke. Maigida ya rataye gangar a ɗaki, ya koma noman albasa a fadama, ɓeraye suka ci fatar. Da damina ya rasu, ana tsakiyar noma, ba ka jin komai a gonaki sai ƙarar tankin feshi. Sauran 'yan amshi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ni da na fi kowa rashin amfani aka bari.

Ana nan wasu samari suka zo daga Sakkwato, masu ladabi, har ƙasa suka gaishe ni. Suka ce sun sami wani tsohon kaset na maigida wurin mai sayar da kaset a kasuwar Bodinga, suna so su yi fim ɗin rayuwarsa. Hotonsa guda ne a duniya, ɗan ƙarami na jikin katin shaida, don haka zana shi za su yi, irin katun ɗin da yara ke kallo. Suka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, suka sayo fura, suka kafa na'ura a gaban bakina. Ɗayansu ya ce, "Baba, ina yas samu gangar tashi?"

A nan ne bakina ya tafi ya bar ni.

Kowane makaɗi a zamaninmu yana da kirarin gangarsa. In an haɗu da wani makaɗin a gona guda, ɗan amshi ne ke fita ya tsorata abokan hamayya: gangarmu ba itace ba ce, aljani ne ya miƙo ta daga kogon tsamiya, wanda ya yi karo da ita muryarsa ta dishe. Su ma nasu ya fito ya ce tasu daga ƙarƙashin gulbi aka ɗauko ta. Kowa ya yi dariya, a ci gaba da noma. Babu jaririn da bai san kirari ne ba. To wannan kirarin na ɗauko na ba samarin nan, da na ga idanunsu sun buɗe kuma sai na ƙara gishiri. Na ce da tsakar rana ne, a wata tsamiya bayan Kajiji. Na ƙara baƙin zakara. Na ƙara cewa maigida ya durƙusa. Ban san inda na samo durƙuson ba, a kirarin asali babu shi.

Gaskiyar gangar kuwa, wani masassaƙi ne a Dandin Mahe ya fafe ta daga itacen alilliba. Fatar ta akuyar uwarsa ce, wadda ta addabi waken maƙwabta har aka yanka ta don a zauna lafiya. Kuma mutumin nan ko ana tsakiyar waƙa, in aka kira azahar, ajiye gular kiɗan yake yi ya nemi buta. Duk wannan ban faɗa musu ba, don ba shi da daɗin ji. Na ɗauka sun san wasa nake yi. Suka yi godiya, suka naɗe na'urarsu suka tafi, ni kuma na manta.

Maigida ya bar ɗiya a Bodinga, tana aure da wani tela. 'Yar fari ce, saboda haka tsakaninta da ubanta sai kunya: bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya zama inda take, ita kuma ba ta taɓa zuwa inda yake kiɗa ba. Yaranta ba su riske shi da wayo ba. Da fim ɗin ya fito ya shiga wayoyin mutane, abin da take so guda ne, yaranta su ga kakansu, su ji muryarsa, su san ba daga sama suka faɗo ba. Mijin kuma mutum ne mai tsari, ba mugu ba. Babu abin da yaransa ke kalla sai ya fara gani. To amma wannan surukinsa ne. Yaya zai zauna ya zuba wa surukinsa ido yana rawa da ganga, ko da zane ne? Sai suka yanke cewa a kira ni, tunda ni na san mamacin, abin da na ce shi ke nan.

Na hau mota daga Shagari da hantsi, ina jin kaina kamar alƙali. Tunda nake, ba a taɓa kirana don in raba gardama ba, sai dai don in haddasa ta.

A zauren gidan telan yake ɗinki. Ya tashi daga kan keke ya gaishe ni, ya share mini tabarma, ya kunna wayar matarsa ya jingina ta da gammon zare.

"Baba, ga shi nan. Ni ina waje."

Na ce, "Zamna mana, Malam. Zane na, ba ya ganin ka."

Ya ce, "Ni ina ganin shi."

Ya fita ya zauna a dakali, ya ba ƙofa baya. Ta cikin gida kuma na ji motsi bayan labule, na san ɗiyar tana nan tsaye.

Farkon abin dariya ya ba ni. Sun zana maigida dogo, kafaɗa kamar ƙofar gari, alhali mutumin nan in ya rataya ganga ita ake fara gani. Sai ga ni a bayansa. Sun ba ni kai kamar tulu, da haƙori ɗaya tak, ina tafe ina tuntuɓe da ƙwaryar fura a hannu. A lokacin da suke ba da labari haƙorana cike suke, kuma 'yan mata na kallona, amma wa zan kai ƙara? Na ce a raina, in dai wannan ne, yara su kalla, ai sun saba yi mini dariya.

Sai a cikin fim ɗin aka sa kaset ɗin.

Ban shirya ba. Zanen ya buɗe baki, muryar maigida ta fito, ita kanta, da 'yar shaƙewar nan da take yi in ya ja baiti ya kai ƙarshe. Ya jefa, sai na ji an karɓa. Na ji muryar mai buga mana ganga ta biyu, wanda ciwon ƙirji ya kashe. Na ji ta ƙanen maigida, wanda ko da yaushe yake riga mu shiga. Can sama da su duka akwai wata siririyar murya mai rawar kai, na daɗe kafin na gane tawa ce. Ban san lokacin da bakina ya fara amshi ba. Ina zaune a zauren tela, tsakanin ƙyallaye, ina karɓa wa matattu waƙa, hawaye na bin gemuna suna sauka a rigar da na yi wa guga don alƙalanci. Telan ya ji ni, bai waiwayo ba. Allah ya saka masa.

Ina cikin share ido sai waƙar ta tsaya. Hoton ya yi ja. Ga tsamiya, ga rana a tsaka, ga maigida yana tafe shi kaɗai da baƙin zakara a hammata. Sai wata muryar tsoho ta fara ba da labari, tana jan magana tana jin daɗin kanta. Muryata ce, ta ranar nan ƙarƙashin dogon yaro. Duk abin da na faɗa sun zana shi, ba su rage ko ɗaya ba, kuma sun iya zane. Jinin zakara ya malala a saiwar itace. Kogon ya buɗe, wani abu mai ƙaho da jan ido ya fito da ganga a hannu. Maigida ya durƙusa, ya sa goshinsa a ƙasa a gaban abin nan.

Goshin da na sani da tabon salla.

Ban ga sauran da kyau ba. Na san an nuna feshi, an nuna gangar a rataye, an nuna makara. Wayar ta yi shiru. Na zauna ina kallon keken ɗinki.

Telan ya yi sallama a zaurensa kamar baƙo, ya shigo ya tsuguna.

"To Baba, mi kag gani?"

Na ce, "Sun ɓata mani kai."

Ya yi ɗan murmushi, ya jira. Irin mutanen nan ne masu jira har wasanka ya ƙare ya bar ka tsirara.

Na ce, "Akwai wani wuri na tsamiya."

"Na ji ana hwaɗi a kasuwa. Shi yas sa nic ce a kira ka. Baba, abin ga ya faru?"

Na duba labule. Ƙafafunta na nan a ƙasa, ba su motsa ba.

Na ce, "Bai faru ba. Kirari na. Ni nib ba su shi, nik ƙara da nawa."

Na kwashe zancen masassaƙin Dandin Mahe da akuyar da buta na faɗa masa, irin yadda ya kamata in faɗa tun farko. A bakina ma sai na ji labarin ya yi ƙarami, ba ya kai na aljanin. Telan bai zage ni ba. Da ya zaga da na ji sauƙi. Ya ɗauki wani ƙyalle yana naɗewa yana warwarewa.

Na ce, "A tsallake wurin mana. Ku da kunka iya waya, ku tura shi gaba."

Ya ce, "Yara na, Baba. In sunka san akwai abin da anka tsallake, shi za su nema. In ba su samu nan ba su samu gidan maƙwabta, su ce ashe ɓoye muna anka yi, ashe gaskiya ta." Ya ajiye ƙyallen. "Amma na ce abin da kac ce shi za a yi. In ka ce su kalla, yanzu in kira su."

Da gaske yake. Na so in ce su kalla. Muryar nan tana cikin fim ɗin, ba su da inda za su ji ta kuma, ga uwarsu tsaye tana jiran kalma ɗaya daga bakina. Amma na san yadda hoto ke zama a kan yaro. Ni kaina akwai wani mahaukacin raƙumi da na gani a kasuwa ina ƙarami, har yau in na rufe ido ga shi nan. Za ka iya gaya wa yaro sau nawa ka ga dama cewa ƙarya ne, zai ce to, amma duk ranar da aka ce kakansa, abin da zai gani shi ne mutum da goshi a ƙasa gaban mai ƙaho. Kuma muryar da ke rantsuwa a kan haka muryata ce, ni da suke kira Kakan Shagari, mai kawo musu ƙuli-ƙuli.

Na ce, "Bai dace ba. Kada su kalla."

Ƙafafun da ke bayan labule suka juya suka shiga ciki.

Ban iya tashi in tafi a kan haka ba. Na ce wa telan ya kira mini yaran, ni zan yi musu waƙar kakansu da bakina, ai tare muka yi ta. Suka fito su uku, babbar da nake kira matata tana gaba.

Ta ce, "Kaka, yau hula anka sa? Wa ka zuwa zance?"

Na ce, "Kishiya nika nema maki, kin cika rowa."

Ta ce, "Wadda za ta tauna maka nama?"

Suka zauna suna dariya. Na jawo wata tasa na kifa ta, na fara bugawa da yatsu. Kiɗan na nan a hannuna. Na buɗe baki in ɗauko waƙar, sai na ga ban san ta inda ake shiga ba. Tsawon rayuwata ban taɓa fara waƙa ba. Maigida ke farawa, kuma ba ya maimaita baiti yadda ya yi shi jiya, gonar da mutanen da ke cikinta su ke ba shi abin faɗa. Ni nawa shi ne in jira ya sauke in ce, "Gero na jira, ku duƙa." Na buga tasa, na bar gurbin muryarsa, na yi amshina. Na sake bugawa, na sake barin gurbin, na sake amshi. Na yi ƙoƙarin cusa wani abu a wurin, abin da ya fito ba nasa ba ne, ni ma na ji.

Ƙaramin ya ce, "Kaka, ita ke nan waƙar?"

Babbar ta zungure shi. Ita ta lura da fuskata. Ta ce, "Tana da daɗi," irin yadda ake gaya wa marar lafiya ya yi kyan gani. Aka kira la'asar, suka watse.

Bayan salla telan ya tafi bakin hanya ya tsayar mini da kabu-kabu da zai kai ni tasha. Ina ɗaura takalmi sai ɗiyar ta fito zauren, da ƙullin albasa da ɗan yaji a leda. Ta durƙusa ta ajiye a gabana. Idanunta sun kumbura, ba kumburin yau ba.

"Bappa, ga wanga ka kai gida."

Na ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Na hana yaranki abin da kika so."

Ta ce ba komai. Ta ja bakin mayafinta, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba. Ta ce tun ranar da fim ɗin ya shigo wayarta take kallonsa in mijinta ya fita. Ta ce ita ba ta san ubanta ba sai daga nesa, ba ta da abin da za ta auna maganar da shi, kuma da ta ji muryata ce ba ta yi shakka ba. Tun ranar take azumi jefi-jefi, tana toya waina tana rabawa sadaka, tana roƙon Allah ya yafe masa abin da ya yi a gindin tsamiya. Ko mijinta ba ta gaya wa dalili ba. Ta ce duk da haka ta so yaran su kalla, don ta ga gara su san shi da laifinsa da a ce ba su san shi ba.

Na ce, "Bai yi ba. Wallahi bai yi ba. Ko laya ba ya ratayawa."

Ta ce, "Na ji. Na gode da kah hwaɗi."

Na ji ƙarar babur a ƙofa. Na ɗauki ledar, na miƙe da kyar, gwiwa na ƙara. Na kai bakin zaure ke nan ta sake magana a bayana, ba da faɗa ba, kamar mai tambayar hanya.

"Bappa, mu kah hwaɗa muna a zaure. Mutanen Kajiji da sunka kalla, wa za shi hwaɗa musu?"